Kada a Bar Ƙananan Yara a Gida

Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, akwai wata muhawara da kan taso a gidaje da dama. Shin ya dace iyaye su ɗauki ƙananan yara su tafi da su yawon buɗe ido zuwa tsofaffin birane da ƙauyuka, ko kuwa a dakata sai sun girma sun yi hankali? Wani abokin aikina, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya taɓa ce mini, "Malam, ai wannan asarar kuɗi ce kawai. Me yaro ɗan shekara biyar ya sani game da tarihi? Kafin ku iso gida ya manta da komai." Masu irin wannan ra'ayi suna da yawa, kuma ba su rasa hujja ba. Amma ni a ganina sun yi kuskure. Lokacin ƙuruciya shi ne ya fi dacewa a nuna wa yaro ƙasarsa, kuma wanda ya tsaya jira yana iya rasa abubuwa biyu: sha'awar yaron, da kuma wuraren da za a nuna masa.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A wani hutun watan Disamba, ni da maiɗakina mun tafi Kano ziyarar 'yan'uwa tare da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara bakwai da mace 'yar shekara biyar. Da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, muka hau Dutsen Dala. Masana sun gano alamun cewa an yi aikin narkar da tama a wajen dutsen nan tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin gargajiya ya ce a nan ne Barbushe yake tsafinsa kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Ban gaya wa yaran ko ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ba. Su dai ƙirga matakala suke yi, suna haki suna dariya. Da muka kai ƙololuwa, sai gari ya shimfiɗu a gabanmu cikin hazon hunturu, ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban masallaci. Ɗana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, me ya sa mutanen da suka zaɓi zama a nan?"

Wannan ita ce tambayar da masana tarihi suke rubuta littattafai a kanta, ga shi ɗan shekara bakwai ya yi ta ba tare da an sa shi ba. Na nuna masa cewa wanda yake kan dutse yana hango abokan gaba tun daga nesa, kuma ƙasar da ke kewaye tana da kyawun noma, sannan akwai tama da ake yin fartanya da mashi. Da a aji na faɗa masa haka, da wataƙila ya haddace don jarrabawa. Amma a kan dutsen, shi ne ya nemi amsar, saboda haka ta zauna masa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma babu wanda wannan magana ta fi dacewa da shi kamar ƙaramin yaro, domin shi da ido da hannu da hanci yake fahimtar duniya kafin ya iya fahimtarta da littafi.

Daga Dala muka gangara zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a shekarar 1498. A nan ne marina suke zaune a bakin ramuka masu zurfi, suna tsoma yadi suna ɗagowa. Ruwan rinin haɗi ne na baba da toka da ruwa, wanda ake bari ya kwana kwanaki har ya nuna. Abin da ya ƙayatar da 'yata shi ne, idan aka ɗago yadin daga cikin ramin sai ya fito da launin kore-kore, amma da iska ta buge shi sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonta. Ta tambayi wani dattijon marini, "Baba, me kuke zubawa a ciki?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba muke zubawa, 'yata." Sai yarinya ta waiwayo ta dube ni a tsorace, ta riƙe hannuna gam. Marina suka fashe da dariya. Dattijon ya ɗebo busasshen ganyen ya sa mata a tafin hannu, ya maimaita mata kalmomin biyu a hankali har ta ji bambancinsu. A sunan mahaifi murya takan fara daga ƙasa ta hau sama, a sunan ganyen rini kuwa a sama take tafiya daga farko har ƙarshe.

Duk mai koyon Hausa ya san wahalar karin sauti, domin ba a nuna shi a rubutun yau da kullum. Malami yana iya shafe mako yana bayaninsa a kan allo, ɗalibai suna gyaɗa kai ba tare da kunnensu ya kama ba. Yarinyar nan kuwa ta koye shi cikin minti biyu, kuma har yau ba ta sake rikita kalmomin ba. Haka harshe yake. Kalma tana zama a ƙwaƙwalwa idan tana da abin da ta rataya a jikinsa. Wanda ya shiga zaure ya ɗaga kai ya ga azara, ya fito ya ga zanko a kan soro da indararo a gefensa, ya shafa tubali da hannunsa, ya mallaki waɗannan kalmomi mallaka ta gaske. Wanda ya gan su a jerin kalmomin ƙarshen darasi kawai, aro ya yi, kuma ba da daɗewa ba zai mayar.

To, mu koma ga maganar abokin aikina cewa yaro zai manta. Gaskiya ne ba zai riƙe cewa Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ba, ko cewa a zamaninsa ne aka kafa Kasuwar Kurmi aka kuma gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa. Amma wa ya ce amfanin tafiya shi ne haddace shekaru? Mu manya ba ma tuna ranar da aka koya mana gaisuwa ko cin abinci da hannun dama, ga shi kuwa muna yi kullum. Abin da yaro yake ɗaukowa daga irin wannan tafiya shi ne sanin cewa an yi mutane kafin shi, masu basira da ƙoƙari, kuma aikinsu yana nan ana iya taɓawa. Bayan shekara biyu da tafiyarmu, aka zo kan tarihin Kano a ajin ɗana. Ya dawo gida da murna yana cewa, "Baba, yau an yi maganar sarkin nan mai gidan da muka shiga." Gidan Makama yake nufi, wanda aka gina a ƙarni na 15, yanzu kuma ya zama gidan adana kayan tarihi. Darasin da ya zo wa sauran yara a matsayin baƙo, shi ya zo masa a matsayin wanda suka taɓa haɗuwa.

Birni kaɗai bai isa ba, dole a haɗa da karkara. Yaran da suka tashi a manyan garuruwa, ko a Legas ne ko a Kano ko a Fatakwal, da yawansu suna zaton abinci daga kanti yake fitowa. Kwana biyu bayan hawan Dala, muka kama hanyar Daura ta Kazaure. Lokacin kaka ta wuce, an girbe gero da dawa, an jingine kara a gonaki. Muka tsaya a ƙauyen wasu dangin mai masaukinmu. A nan yaran suka ga rumbu a karo na farko, suka tambayi dalilin da ya sa aka ɗora shi a kan duwatsu bai taɓa ƙasa ba. Aka ce musu don kada danshi da gara su lalata hatsin. Suka ga mata suna sussuka, suna sheƙe ƙaiƙayi a iska, wasu kuma suna daka a turmi. 'Yata ta ce sai ta gwada, amma ta kasa ko ɗaga taɓarya. Da aka kawo mana fura da nono, uwarta ta nuna mata zangarniyar gero ta ce, "Kin ga wannan? Shi ne kike sha." Tun daga ranar na lura yarinyar ta rage barin abinci a kwano, ba tare da an yi mata faɗa ba. Ta ga wahalar da ake sha kafin ƙwaya ta zama tuwo.

A Daura muka je rijiyar Kusugu. Labarin da aka gada ya ce wani maciji ne a cikinta yake hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsu kuma aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Yanzu an kewaye rijiyar da gini, kuma baƙo yana iya jefa guga ya ɗebi ruwa. Ɗana ya leƙa ciki ya ce, "Da gaske ne an yi macijin?" Na ce masa wannan labari ne da kakanni suka riƙa ba 'ya'yansu baki da baki, masana kuma suna da ra'ayoyi daban-daban a kan ma'anarsa, amma rijiyar ga ta nan, garin ma ga shi nan. Wannan ma darasi ne babba, wato yaro ya fara rarrabe abin da ido ya tabbatar da abin da aka ji daga bakin magabata, ba tare da ya raina ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai wani dalili da ya sa nake cewa kada a jira, kuma shi ne ya fi damuna. Wuraren nan ba su da tabbacin daɗewa. An fara gina ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Har zuwa 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci garin, ganuwar tana tsaye da tsayinta da kaurinta. Yau a wurare da yawa sai dai a nuna maka tudun ƙasa a ce nan take da. Ruwan sama ya zaizaye wani ɓangare, masu gini sun ɗebi ƙasar wani, an kuma yi gidaje da shaguna a kan wani. Wasu ƙofofin an rushe su don faɗaɗa titi, aka sake gina su da siminti. A marinar Ƙofar Mata ma, ramukan da ba a aiki da su sun fi waɗanda ake aiki da su yawa, domin yadin kanti mai araha ya cika kasuwa. A wannan gari ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1851, ya ga yadda ake kai rinannen tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. Kuma a nan ne aka yi dalar gyaɗa, buhuna a jere kamar tsaunuka suna jiran jirgin ƙasa. Yau babu ko guda, sai a hoto.

Saboda haka uban da ya ce sai ɗansa ya kai shekara goma sha takwas zai kai shi, ya sani ba lalle ne ya tarar da abin da ke nan yau ba. Bayan haka, su wa za su kare abin da ya rage? Mutum ba ya kishin abin da bai taɓa gani ba. Injiniyan da za a ba aikin titi nan da shekara talatin, da ɗan kasuwar da zai nemi filin gina shago, da ɗan majalisar da zai zauna a kan kasafin kuɗi, duk yanzu yara ne. Wanda aka taɓa ɗora shi a kafaɗa aka nuna masa tsohuwar ƙofa, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a rushe ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban manta da sauran hujjojin masu cewa a bar yara a gida ba. Ta farko ita ce kuɗi. Gaskiya ne kuɗin mota ya yi tsada, kuma iyalai da yawa da ƙyar suke biyan kuɗin makaranta. Amma ai ba sai an je nesa ba. Kusan kowane yanki na Nijeriya yana da nasa abin tarihi. Mutumin Abeokuta yana da Dutsen Olumo, inda Egbawa suka sami mafaka a lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Mutumin Benin yana da ramin ganuwar da ya kewaye tsohon birnin. A Oshogbo akwai kurmin Oshun, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, bayan ta sa Sukur na Jihar Adamawa a 1999. A Badagry akwai tsohon benen da aka gina a 1845 da kuma wuraren da suke tuna mana da cinikin bayi. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, a Argungu akwai gidan tarihin Kanta. Kuɗin shiga yawancin gidajen tarihi bai taka kara ya karya ba, zuwa gonar kaka a ƙauye kuwa kyauta ne. Sau da yawa abin da muke kashewa a bikin zagayowar ranar haihuwar yaro ya ishe mu irin wannan fita.

Hujja ta biyu ita ce tsaro, kuma ba abin wasa ba ce. Akwai hanyoyi da dazuzzukan da bai kamata mai hankali ya bi da iyalinsa ba a halin da ake ciki. Wajibi ne uba ya yi tambaya ga mutanen wuri kafin ya tashi, ya yi tafiya da rana, ya isa masauki kafin magariba, ya kuma haƙura da duk inda aka ce masa babu lafiya. Amma rashin lafiyar wata hanya ba dalili ba ne na kulle yara a ɗaki su da talabijin har hutu ya ƙare. A zaɓi inda ke da kwanciyar hankali a je, sauran a bar su sai Allah ya kawo sauƙi.

Hujja ta uku ita ce yara suna gajiya, suna kuka, suna hana manya jin daɗin kallo. Wannan ma gaskiya ne, kuma na ɗanɗana. A rana ta farko na yi kuskuren cewa sai mun ga wuri huɗu. Kafin mu shiga Kasuwar Kurmi rana ta take, yunwa ta kama 'yata, ta zauna a bakin wani shagon dukawa ta ce ba za ta ƙara taku ɗaya ba. Laifina ne, domin na auna tafiyar da ƙafar babba. Daga nan na gane cewa wuri ɗaya ko biyu sun isa a yini. A fita da sanyin safiya, a riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, a sa wa yara hula da takalmi mai sauƙi, a dawo kafin azahar su huta. A kuma bar yaro ya tsaya inda hankalinsa ya tsaya. Idan ka kai shi ganin fada shi kuwa doki ne ya burge shi, to ku tsaya ku kalli dokin, ka gaya masa sunan sirdi da linzami da likkafa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma ladabin da ya kamata yaro ya koya a irin wannan tafiya. Marina da dukawa da manoma ba kayan kallo ba ne, mutane ne da suke kan neman abincinsu. A koya wa yaro ya yi sallama, ya gaishe su da aiki, ya nemi izini kafin ya taɓa kaya ko a ɗauki hoto. Idan da hali, a sayi ɗan wani abu a hannunsu, ko da ƙaramar jakar fata ce ko ɗankwali rinanne, domin cinikin ne yake riƙe sana'ar. A masallaci ko coci ko wurin da mutane suke girmamawa, a bi ƙa'idar masu wurin ko da ba addininka ba ne. Yaron da ya saba cire takalmi a ƙofar da masu ita suka ce a cire, ya fara koyon zama da mutanen da ba irinsa ba. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa irin tamu tana matuƙar bukatar irin waɗannan yara. Ɗan Enugu da dattijon marini ya taɓa sa masa ganye a hannu yana murmushi, da wuya wani ya zo daga baya ya cusa masa ƙiyayyar Hausawa baki ɗaya. Haka ma ɗan Kano da aka taɓa karɓa hannu bibbiyu a Abeokuta ko Kalaba.

Ku ɗalibai masu karanta wannan, na san yawancinku kun wuce shekarun da nake magana a kai, kuma ba ku ke riƙe da kuɗin gida ba. Duk da haka kuna da rawar da za ku taka. Kuna da ƙanne, nan gaba kuma za ku zama iyaye. Idan hutu ya zo, ku tambayi dattawan unguwarku wane wuri ne ya fi tsufa a garinku, wa ya gina shi, kuma me ya sa. Ku roƙi iyayenku a ware yini ɗaya a je, a tafi har da ƙaramin cikinku. Ku riƙe hannunsa, ku amsa tambayoyinsa gwargwadon saninku, wanda kuka kasa amsawa kuma ku tambayi masu wurin tare da shi. In Allah ya ba ku ikon zuwa ƙasar Hausa wata rana, ku yi amfani da Hausar da kuka koya a aji ku gaida marini a bakin raminsa, ku tambaye shi abin da yake zubawa a ciki.